Shin Ilektaron Juyi Yake Yi Da Gaske? Amsa Ga Wani Malami Daga Ƙaura Namoda

Wani ƙanena a harkar alli da allo, malamin kemistiri a wata sakandare a Ƙaura Namoda, ya aiko mini da wannan tambaya:

"Malam, barka da aiki. Kowace shekara ina koyar da lambobin kwantam huɗu na ilektaron, wato lambobin da ke bayyana halinsa a cikin atam. In na zo kan na huɗun, wato sifin (spin, juyi ke nan da Turanci), sai in zana akwati a allo, in sa kibiya ɗaya tana kallon sama, ɗaya tana kallon ƙasa, in ce wa yara ilektaron yana juyawa ne a kan kansa kamar yadda duniya take yi. Haka aka koya mini. Kwanan baya na ji ana cewa sam ba ya juyawa. Da na faɗa a aji, sai wata ɗaliba ta tsare ni: 'To Malam, in bai juyi, don mi anka sa mishi sunan juyi? Kuma mi ka kallon sama?' Na rasa ta cewa. Don Allah mene ne sifin a zahiri, ba a takarda ba?"

Malam, barka kadai. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, kuma ka riƙe ta da kyau, domin irin tambayarta ce ta hana manyan masana barci a 1925.

Na daɗe ina koyar da fiziks, kuma na lura malamai sun kasu gida biyu a kan wannan batu. Wasu su ce ɗan ƙwallo ne yake juyi. Wasu kuma, da suka gane hakan ba daidai ba ne, sai su ce ai lamba ce kawai ta lissafi, a haddace a wuce. A wurina na biyun ya fi ɓarna. Na farko ya ba yaro hoto mai kuskure, amma ko ba komai ya bar masa abin da zai yi gardama da shi. Na biyu kuwa ƙofar ya rufe masa baki ɗaya. Abin da gwaji ya nuna shi ne, ilektaron yana ɗauke da juyi na haƙiƙa, wanda za a iya karɓa daga wurinsa a murɗa ƙarfen da ido ke gani, alhali babu wani sashe na jikinsa da ke zagaya wani sashe. Na san maganar ta yi kama da tufka da warwara. Bi ni a sannu.

Ina yaro a Gummi, kakata takan zauna kaɗi bayan la'asar. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, ta sake shi yana juyi shi kaɗai yayin da hannun hagunta ke jan auduga sama. Na taɓa zare gululun daga wani mazarinta don in yi wasa da shi, na ɗauka ado ne kawai. Da ta ɗauki tsinken ta murza, ko numfashi ɗaya bai yi ba ya faɗi. Na sha rankwashi, amma a ranar na koyi darasin da sai bayan shekaru na ji sunansa a jami'a. Wannan dunƙulen yumɓu rumbu ne da ake zuba juyi a ciki. Yawan abin da ya ajiye ya dogara da nauyinsa, da nisan nauyin daga tsinke, da saurin murzawa. Bari mu kira shi ajiyar juyi. Halaye biyu gare ta da za mu buƙata. Tana da alƙibla, wato inda tsinken ya nufa. Kuma ba ta ɓacewa haka kawai: in ta bar wannan, to ta koma jikin wancan.

Wannan hali na biyu kana iya nuna shi a aji. Ari tayar keke a wurin mai faci, ka zaunar da yaro a kujerar ofis mai juyawa, ƙafafunsa a ɗage. Ka ba shi tayar tana juyi a kwance kamar faifai, ya riƙe gindin ƙarfen da hannu biyu, sannan ka ce ya kife ta. Da ya kife ta, shi da kujerar za su fara juyawa, ba tare da kowa ya tura shi ba. Juyin tayar ya koma baya, don haka dole jikin yaron ya ɗauki bambancin, don jimillar ta tsaya yadda take.

To, an yi wa ilektaron irin wannan gwaji, tun ma kafin a san da sifin. A 1915, a birnin Balin na Jamus, Albert Einstein da Wander de Haas suka rataya wani ɗan sandan ƙarfe da siririn zare, a tsakiyar naɗin waya irin wanda masu gyaran janareta ke kira kwayil. In aka saki lantarki a wayar, ƙarfen ya zama maganaɗisu. In aka juya lantarkin, kan maganaɗisun ya koma gindi. Kuma duk lokacin da aka yi haka, sai sandan ya ɗan murɗa a kan zarensa. Babu wanda ya taɓa shi. Wasu abubuwa ne a cikinsa aka kife kamar tayar keken nan, sandan kuma ya zama yaron da ke kan kujera. Su biyun sun ɗauka ilektaron masu zagaya cibiyar atam ne ke yin wannan aiki, har awonsu ya fito kusa da abin da suke tsammani. Waɗanda suka sake gwajin da kyau a shekarun da suka biyo baya sun tarar maganaɗisun da ake samu daga kowane mudu na juyi ya kusa ninka abin da zagaye zai bayar. Ninkin nan ya zame wa mutane ƙarfen ƙafa har sai da sifin ya bayyana. A yau mun san mafi yawan maganaɗisun ƙarfe daga sifin yake zuwa. Saboda haka duk wanda ya ce maka sifin lamba ce ta takarda, tambaye shi wace lamba ce ke murɗa sandan ƙarfe.

Yanzu sai ɗaya ɓangaren: me ya hana mu ce ɗan ƙwallo ne?

Ai da haka aka fara. A ƙarshen 1924 masanin fiziks Wolfgang Pauli ya lura ba za a iya bayyana hasken da atam ke fitarwa ba sai an ba ilektaron lamba ta huɗu mai fuska biyu kacal. Misali na kusa: in gishiri ya zuba a wuta, harshenta ya yi rawaya. In aka ware wannan haske da na'ura mai kyau, layi biyu ne dab da juna, tsawon igiyar hasken ɗaya nanomita 589.0 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), na ɗayan 589.6. Pauli ya ƙi ya ba lambar tasa hoto. A farkon 1925 wani saurayi, Ralph Kronig, ya kawo masa shawarar cewa wataƙila ilektaron juyi yake a kan kansa. Pauli ya watsa masa ruwan sanyi, shi kuma ya fasa bugawa. Da kaka ta yi a wannan shekarar, wasu ɗalibai biyu a Leiden ta ƙasar Holan, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit, suka faɗo kan wannan tunani. Malaminsu Paul Ehrenfest ya ce su rubuta, kuma su kai wa dattijo Hendrik Lorentz ya duba. Lorentz ya zauna ya yi lissafi, ya nuna musu in ƙwallo ne, to gefensa zai riƙa gudun da ya wuce na haske. Uhlenbeck ya koma wurin Ehrenfest a janye takardar, ya tarar bakin alƙalami ya bushe, an riga an aika. Malamin ya lallashe su da cewa ai su yara ne, in sun yi wauta za a yafe musu.

Wannan lissafi kai ma za ka iya yin irinsa a allo. Ɗauki girman da ake ƙiyasta wa ilektaron a wancan zamani, kusan mita 2.8 × 10⁻¹⁵ daga tsakiya zuwa gefe, ka ɗauka dunƙulallen ƙwallo ne, ka tambayi saurin da gefensa zai yi kafin ya tara ajiyar juyin da aka auna. Amsar ta kai kusan ninki 170 na gudun haske, shi kuwa haske, mai kilomita 300,000 a daƙiƙa, babu mai wuce shi. Abin ma ya ƙara ta'azzara daga baya, domin gwaje-gwaje sun nuna in ma ilektaron yana da girma, to bai kai mita 10⁻¹⁸ ba. Iya ƙanƙantar gululu, iya saurin da zai buƙata.

Ni dai ba wannan hujjar ce ta fi gamsar da ni ba. Wadda ta fi ita ce: mazari ana murza shi, yana gajiya, yana tsayawa. Ana iya yi masa murza mai ƙarfi ko mai sanyi. Ilektaron ba a taɓa samun wanda aka murza ba, ba a taɓa samun wanda ya tsaya ba. Na cikin batirin wayarka da na cikin rana, ajiyarsu ɗaya ce ba ƙari ba ragi. Alƙiblarta kaɗai ake iya sauyawa. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Yadda caji da nauyi suke a jikin ilektaron, haka sifin yake. Ma'aunin da ake auna shi da shi ana rubuta shi ħ, darajarsa 1.055 × 10⁻³⁴ a ma'aunin kimiyya, wato sai ka jera sifiri 33 bayan ɗigo kafin ka rubuta ɗaya. In ka auna ilektaron ta kowace fuska, rabin ħ za ka samu, ko da alamar tarawa ko da ta ɗebewa. Wannan rabin ne +½ da −½ ɗin da kake rubutawa a allo.

Batun suna kuwa, gaya wa ɗalibarka ta leƙa tashar garinku. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, kuma abin da ke tafiya a kansa jirgi muke ce masa. Asalin jirgi na ruwa ne, irin wanda ake tuƙawa da filafili a Argungu da Yawuri. Da sabon abu ya zo, yana ɗaukar mutane da kaya kamar jirgi, sai aka ara masa sunan, kuma ba wanda ya taɓa zuwa tasha neman ruwan da yake yawo a kai. Haka aka yi wa sifin. Yana aikin da juyi ke yi, sai sunan farko ya bi shi.

Rabin tambayarta na biyu, mi ka kallon sama, shi ne inda gizo ke saƙa, kuma a nan zan daɗe.

A watan Fabrairun 1922, a Frankfurt, aka kammala gwajin da Otto Stern ya tsara, Walther Gerlach kuma ya raba dare a kansa. Sun zafafa azurfa a ɗan murhu har ta zama tururi, suka bar atam ɗinta suna fita ta siririyar kafa, su ratsa tsakanin bakunan maganaɗisu biyu, ɗaya mai kaifi ɗaya mai kwari, don jan ya fi ƙarfi a gefe guda. A can ƙarshe akwai gilashi da atam ɗin ke mannewa a kai. Kowane atam na azurfa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Daga murhu suke fitowa, kowa ya fuskanci inda ya ga dama, don haka hankali zai ce wanda ya miƙe sosai a ja shi sosai, wanda ya karkata a ja shi kaɗan, wanda ya kwanta ya wuce abinsa. Da haka ne, da tabo ɗaya mai faɗi za a gani a gilashin. Abin da aka gani layi biyu ne, da fili a tsakaninsu, kamar leɓɓan da aka ɗan buɗe, ratar ba ta wuce milimita 0.2 ba. Stern yakan ba da labarin cewa hayaƙin sigarinsa mai araha ne ya taimaka tabon azurfar ya yi baƙi har ido ya gan shi. Su kansu ba su san sifin suka kama ba, sun ɗauka zagayen ilektaron ne, har Gerlach ya aika wa Niels Bohr, mai ra'ayin zagayen ilektaron a atam, hoton a kati yana taya shi murna. Sai daga baya aka gane: a cikin ilektaron 47 na azurfa, 46 sun soke juna, saura ɗaya tilo a waje, shi kuma a obital (wato mazaunin ilektaron a atam) ɗin da babu ajiyar juyin zagaye a cikinsa. Sifin ɗinsa ne ya raba layin biyu.

To ina "sama" take a nan? Duk inda ka juya maganaɗisun. In ka tsayar da shi, su rabu sama da ƙasa. In ka kwantar da shi, su rabu gabas da yamma. In ka karkata shi, su rabu a kan karkatar. Kullum gida biyu, kullum rata ɗaya. Ilektaron bai san rufin aji ba, bai san ƙasa ba. Kai ne kake zaɓar fuskar da za ka tambaye shi a kai, shi kuma amsa biyu kawai gare shi, i ko a'a.

Ga inda hankalin kasuwa ke tsayawa. A ce ka je kasuwar Talata Mafara, ka ware jajayen awaki gefe guda, ka kori farare. A cikin jajayen ka ware bunsuraye, ka kori mata. In ka dawo ka duba launin bunsurayen, ja za ka gani, domin duba jinsi ba ya goge launi. Yi wa atam ɗin azurfa haka. Ka tace su da maganaɗisu a tsaye, ka riƙe 'yan sama. In ka sake ratsa su ta wani a tsaye, duka sama za su yi, babu mai saɓawa. Amma in ka ratsa su ta na kwance, rabi su yi gabas rabi yamma. Riƙe 'yan gabas, ka mayar da su ta na tsaye. Rabi sama, rabi ƙasa. 'Yan ƙasan da ka kora tun farko sun dawo, kamar a ce rabin jajayen bunsurayenka sun wayi gari farare. Ba lalacewar na'ura ba ce. Ilektaron ba ya riƙe tabbatacciyar amsa ga fuskoki biyu a lokaci guda. In ya tabbata a kan gabas, to batun sama da ƙasa a buɗe yake gare shi. Mazari ba ya haka: tsinkensa yana da tsaiko da karkata duka a lokaci ɗaya, kana iya auna kowanne ba tare da ka taɓa ɗayan ba.

Kada ka ɗauka babu doka a ciki. Dokar tana da tsauri, kuma 'yan ajinka da suka yi lissafin kusurwa za su iya ta. In an shirya ilektaron a kan wata fuska, aka auna shi a kan wata da ta karkata da kusurwa θ, rabon da zai ce i shi ne cos²(θ/2). A digiri 60, uku cikin huɗu. A digiri 90, rabi. A digiri 120, ɗaya cikin huɗu. A 180, babu ko ɗaya. Saboda haka kibiyar tana da ma'ana, sai dai ba tsinken mazari take nunawa ba. Tana nuna fuska ɗaya tilo da in ka tambayi ilektaron ɗin a kanta, ba shakka i zai ce.

Ka lura da rabin kusurwar nan, θ/2. A cikinsa abin mamaki mafi girma yake ɓoye. In ka juya kujera digiri 360 ta dawo yadda take. In ka juya ilektaron digiri 360, rabin kusurwar 180 ne kawai, sai lissafin halinsa ya dawo da alamar ɗebewa a gabansa. Sai ka ƙara wani zagayen, ya zama 720, kafin ya koma daidai yadda ya faro. In ƙwaya ɗaya ce ita kaɗai, wannan alama ba ta nuna kanta. Tana fitowa ne in aka gwama wanda aka juya da wanda ba a juya ba. An yi hakan a 1975 da niyutaron, ƙwaya marar caji ta cibiyar atam, wanda shi ma sifin ɗinsa rabi ne. Ƙungiyar Helmut Rauch ta yi a Grenoble ta Faransa, ta Samuel Werner ta yi a Amurka. Da dunƙulen silikon aka raba hanyar niyutaron biyu, aka sa maganaɗisu a hanya ɗaya yana juya sifin ɗin, aka sake haɗa hanyoyin ana ƙirga masu fitowa. Ƙirgen yana hawa yana sauka, kuma ba ya maimaita kansa sai bayan digiri 720.

Jikinka ma ya san irin wannan. Ɗora ƙoƙo a tafin hannunka na dama, bakinsa sama. Juya hannun ciki, ƙoƙon ya bi ta ƙarƙashin hamatarka ya fita baya, ba tare da ya kife ba. Ya yi zagaye ɗaya, amma ga gwiwar hannunka a sama, kafaɗa a murɗe. Kada ka koma baya. Ci gaba ta fuskar da kake, ka ɗaga shi ya zagaya saman kanka ya dawo gabanka. Zagaye biyu, hannu ya warware. Ka fara da ƙoƙon da babu komai a ciki. Ni na fara da kofin shayi a gaban ɗalibai, babbar rigata ce ta ji a jikinta. Wannan ba hujja ba ce a kan ilektaron, amma yana nuna cewa a sararin da muke ciki, in abu yana haɗe da kewayensa, zagaye ɗaya da zagaye biyu ba ɗaya ba ne. In aka matsa mini in faɗi ma'anar sifin a numfashi ɗaya, cewa zan yi: shi ne yadda halin ƙwaya ke amsawa in an juya ta. Mai sifin sifiri, kamar ƙwayar Higgs da aka gano a 2012, ko a jikinta. Mai sifin ɗaya, kamar foton na haske, zagaye ɗaya ya ishe shi. Mai rabi sai biyu. Kuma a fiziks na kwantam, wannan amsawar da ajiyar juyi abu guda ne, shi ya sa abin da ba ya juyi yake iya murɗa ƙarfe.

Kai da kake malamin kemistiri, a nan tuwonka yake. Musanya wuraren ilektaron biyu yana kawo alamar ɗebewa irin wadda zagaye ɗaya ke kawowa. To a ce biyun suna hali ɗaya sak. In ka musanya su babu abin da ya sauya, amma doka ta ce alama ta juya. Wace lamba ce take daidai da kishiyarta? Sifiri. Wato hakan ba ya faruwa. Wannan ita ce dokar Pauli ta 1925 da kake koyarwa, kuma shi ne ya kafa cikakkiyar hujjar alaƙarta da sifin a 1940. Kowane obital yana ɗaukar biyu ne saboda sifin fuska biyu gare shi. Shi ya sa hawa-hawan atam ke cika da 2, 8, 18, ba 1, 4, 9 ba. Da babu wannan doka, da duk ilektaron sun tattaru a hawan ƙasa, babu jadawalin sinadarai, babu bambancin gishiri da zinariya irin wanda muka sani.

Wani gyara kaɗan ga akwatinka. Kibiyoyi biyun da kake zanawa suna sa yaro ya ɗauka wannan na sama ne, wancan na ƙasa, kowa da nasa. A gaskiya biyun da suka cika obital ɗaya babu wanda ke da fuska tasa. Abin da ya tabbata kawai shi ne saɓanin juna suke: ta kowace fuska ka auna, in ɗaya ya ce i, ɗayan a'a zai ce, jimilla sifiri. Ci gaba da zanen, don jarrabawa haka take so, amma ka faɗa musu wannan ko sau ɗaya.

Daga ina sifin ya fito? A 1928 Paul Dirac, a Ingila, ya nemi lissafin ilektaron da zai dace da kwantam kuma ya dace da dokar Einstein ta gudun haske. Bai sa sifin da hannunsa ba, sai ga shi ya fito daga lissafin, rabi cif, tare da ninkin nan na maganaɗisu da ya rikita masu sandan ƙarfe. Daga baya aka ga ninkin ya ɗara biyu da kaɗan, 2.002319, Julian Schwinger ya lissafo mafi yawan wannan ɗoriya a 1948, kuma a yau lissafi da awo sun dace da juna har lambobi sama da goma. Akwai masanan da suka nuna za a iya kallon sifin a matsayin kuzarin da ke kewayawa a cikin igiyar ilektaron ɗin kanta, tun daga aikin Frederik Belinfante a 1939. Ina ganin wannan hoto yana da amfani ga wanda ya yi nisa, amma ba na kai shi ajin farko, domin da yaro ya ji "kewayawa" sai ƙwallon nan ya dawo masa ta taga.

Akwai dai wuri ɗaya da katantanwar yara ke faɗin gaskiya. In ta fara karkata ba ta faɗuwa nan take, kanta ne ke yin layi yana zagayawa. Sifin ma in ya shiga jan maganaɗisu haka alƙiblarsa ke yi, kuma da sauri sananne. Furoton (ƙwaya mai caji ta cibiyar atam) na cikin ruwan jikinka yana zagaye miliyan 42.58 a daƙiƙa a kowace tesla ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. A na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, mai tesla 1.5, wajen miliyan 64 ke nan. Na'urar tana aika igiyar rediyo daidai wannan sauri, ta saurari amsar, ta haɗa hoton ƙwaƙwalwa ko laka. Duk wanda aka tura hoton MRI daga Gusau ko Birnin Kebbi, sifin ɗin jikinsa aka yi wa tambaya.

In kana son abin da yara za su gani da idonsu ba tare da kayan ɗakin gwaji ba, ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, ka ɗaura shi a doguwar waya, ka kai su maƙera. Ku gwada shi a jikin ƙarfen da za a ƙera fartanya tun yana sanyi, zai kama ƙam. A cikin ƙarfen, sifin ɗin ilektaron marasa abokin zama sun jeru unguwa-unguwa, kowace unguwa ta fuskanci waje ɗaya, maganaɗisun kuma yana juyo da su gare shi. Sai a sa ƙarfen a wuta, yaron maƙeri ya yi ta zuga. In ya yi ja sosai, zafinsa ya haura digiri 770 a ma'aunin Celsius, a ciro shi da awartaki a kusanto da maganaɗisun. Ba zai kama ba, kamar an kusanto shi da itace. Sifin ɗin suna nan, ko ɗaya bai ragu ba, zafi ne ya wargaza jerin. Ku tsaya ku jira jan ya fara dushewa, za ku ji ƙarfen ya sake fizgar wayar. Kada dai a bar maganaɗisun ya daɗe a jikin ƙarfe mai zafi, don shi ma zai rasa ƙarfinsa. Kuma ka ba ɗalibar nan wayar ta riƙe da hannunta.